Ba Na Goge Mariƙi Sai Na Ga Hannu

Jiya ma wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata, waya a hannu, ya daɗe yana kallona ina rage wa mariƙin wata sandar fatsa kauri. Can ya ce, "Baba, wannan ai gugar soso ce kawai. Ni ma in an ba ni takardar yashi sai in yi." Na ce masa ga takardar, ga sandar, amma ya sani tun yanzu cewa abin da ya goge ya tafi ke nan, ko malamin da ya fi kowa addu'a a Yamai ba zai mayar masa da shi ba. Sai ya sa hannu a aljihu. Haka kuke ku 'yan yanzu, duk aikin da ba ku ga gumi yana ɗiga a kansa ba, wasa ne a wurinku. To ku zauna ku ji, don saura kaɗan wannan gugar soson ta sa a ɗora ni da iyalina a bayan kamyo, babbar motar kayan soja.

Sandar fatsa irin ta Turawa tana zuwa da mariƙi na baƙin soso mai tauri, wanda muke ce wa mus. Masu ƙera ta a can kauri ɗaya suke yi wa kowa, kamar duk duniya uwa ɗaya ta haife mu. Wani yana riƙewa yatsunsa ba sa haɗuwa, kafin ya yi jifa goma damtsensa ya mutu, in kuma giwan ruwa ya fizga sai sandar ta bi shi. Aikina shi ne in rage kaurin nan har ya zauna a hannun mai shi. Iyakarta ke nan, kuma shekara arba'in da wani abu ban gama koyonta ba.

Ban gaji sana'ar nan ba. Manomi ne ni daga wajen Dogon Dutsi, farin farko ya kore ni, wanda sojoji suka karɓi mulki a cikinsa. Na zo Yamai da matata Rakiya da tabarma ɗaya, aka zuba mu a sansanin Lazare tare da dubban irinmu, muna bin layin dawar agaji. Wata huɗu na yi a can, na rantse ko da tsinke zan tona ƙasa ba zan sake tsayawa a layin nan ba. Da haka na faɗa kasuwar Katako ina dakon katako, har Baba Tahiru ya lura da ni. Tsoho ne mai sassaƙa ƙafafun gado da na kujera, kuma shi kaɗai ne a kasuwar Turawa suke kawo wa sandunan fatsarsu in sun karye.

Injinsa shi ya haɗa abinsa. Ƙafar tsohon keken ɗinki ce, da wilin keke, da igiyar fata, sai gwafa biyu na itace da ya naɗe da robar shambur, wato ta cikin taya, don kada su ci jikin sanda. Ka taka da ƙafa, sanda ta juya, ka riƙe zirin takardar yashi da hannu biyu kana bin mariƙin. Takardar iri uku ce, mai kaushi, da matsakaiciya, da mai laushi ta gamawa. Kada ka danna, kada ka tsaya wuri ɗaya. Mus ba itace ba ne, in ya yi zafi sai ya narke ya yi santsi, kuma mariƙi mai santsi a jiƙaƙƙen hannu ya fi rashinsa sharri. Baƙar ƙurarsa kuwa har yau in na yi tari ina ganin kamar ita nake fitarwa.

Aikin farko da na yi ni kaɗai na wani likita Bature ne. Ya ajiye sandarsa ya ce a rage, Baba Tahiru kuwa ya tafi jana'iza. Na ce yau zan nuna wa tsohon nan ni ma na iya. Na ɗora, na taka, ina gogewa ina riƙewa, har sai da ta zauna a hannuna ɗas. Ta yi kyau kuwa, wallahi ta yi kyau. Sai dai ni yatsuna gajeru ne, shi kuwa likitan tafin hannunsa kamar faifai. Da ya zo ya riƙe, farcensa ya nutse a tafinsa, sandar tana rawa a ciki. Bai yi faɗa ba, ya dai ɗauke sauran sandunansa bai ƙara dawowa ba. Baba Tahiru ma bai zage ni ba, ni da na kusa talatin da gemuna. Ya yanke mariƙin da aska, ya ɗaure shi da kirtani, ya rataye daidai saman inda nake zama. Shekara biyu yana lilo a kaina. Duk wanda ya tambaya sai ya nuna ni ya ce, "Wanga hannun Isiyaka ne, ya yi wa kanshi da sandar mutane."

Daga ranar ya koya mini awon da ba a yi da ma'auni. Ana jiƙa farar ƙasa a ƙwarya ta yi kauri, mai sanda ya tsoma tafinsa, ya riƙe mariƙin kamar zai yi jifa, ya wurga hannu sau uku. In ya saki, baƙin mus ya gaya maka komai. Inda farin ya yi kauri nan yake matsawa, inda babu fari nan yatsa bai kai ba. Ka goge kaɗan, ya sake tsomawa, ka sake dubawa. Doka ɗaya ce, kuma ita kaɗai Baba Tahiru ya bar mini gado tare da injin: ba a goge mariƙi sai an ga hannun mai shi. Ba na ɗan aike ba, ba na ƙane ba, ba naka ba.

Bayan rasuwarsa na tashi daga Katako na kafa rumfar kwano a Gawaye, bakin gulbi, ƙasa kaɗan da gada, don nan masu fatsa suke sauka. Muna nan jere, masu gyaran taru, da masu kifi, da Sumana mai shayi wanda rumfarsa take jikin tawa. Na yi wa Turawa aiki, na yi wa matansu, na yi wa manyan ma'aikata masu son a ce su ma suna fatsa ranar Lahadi. Kowa sai da ya tsoma hannu a ƙwaryata. Wani darakta ya taɓa cewa shi ba zai ɓata hannun rigarsa ba, na ce to ya naɗe ta. Ya naɗe.

Sai babban farin ya zo, shekarar da gulbi ya tsaya. Ku da kuke ganin ruwa a ƙarƙashin gada ba za ku yarda ba, amma mun ga mutane suna tsallakawa Harobanda, unguwar ƙetaren gulbi, da ƙafa, takalmi a hannu, jiragen Sarkawa suna kife a kan rairayi. Masu fatsa suka ɗauke ƙafa. Sai in yi mako biyu ban taka injin ba, ina ɗinkin silifa don mu samu na gari. Mutanen ƙauye suka sake cika gari, sojoji kuma suka ce za su share bakin gulbi. Sukan zo da jan fenti su zana gicciye a ƙofar rumfa, bayan 'yan kwanaki a rushe, wanda ba shi da ɗaki a gari a ɗora shi a kamyo a mai da shi inda ya fito. Mu kuwa a bayan rumfar muke kwana, ni da Rakiya da 'ya'ya uku, kuma garin da za a mai da mu ko rijiyarsa ta ƙafe.

A cikin wannan hali wata safiya motar jif ta soja ta tsaya a gabana. Wani kapral ya sauko, Hamani sunansa, Bazabarme dogo, da sanda a cikin jakar zane. Da ya zare ta na ga irin da ban taɓa taɓawa ba, mara nauyi kamar kara.

Ya ce, "Na Kumandan ne. Ya ce kauri ya yi yawa, ka rage. Gobe ni zo ni ɗauka."

Na ce, "To, ina hannun?"

"Wane hannu?"

"Hannun mai ita. Ba ni goge mariƙi sai na ga hannu."

Ya dube ni kamar ya ga jaki yana karatu. Ya ce na san ko wane Kumandan ne? Shi ne mai aikin share bakin gulbin nan gaba ɗaya. Sai ya miƙo mini nasa hannun ya ce in auna da wannan, ai hannu hannu ne.

Na ce, "Kapral, in takalmi za a ɗunka mishi, ƙahwarka za ka kawo?"

Sumana mai shayi ya yi tari ya shige rumfarsa. Kapral ya jingine sandar ya ce shi dai ya faɗa, gobe zai zo. Da jif ta tafi Rakiya ta fito daga baya, ta ji komai. Ta ce, "Malam, soso ne hwa. Ka goge mishi ka ba shi abinshi. Ɗiyanka ukku ba su cin farar ƙasa." Gaskiya kuwa ta faɗa.

Washegari Kapral ya zo ya tarar ban taɓa ba. Bai yi magana mai yawa ba, ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri, ya tafi. Kafin la'asar wasu sojoji biyu suka zo da gwangwanin fenti. Suka fara daga wajen gada suna zanawa, suka zana wa Sumana, suka zana mini. Na tsaya ina kallon jan yana gangarowa a kan kwano. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Layin Lazare ya dawo mini a ido.

Na shiga na ɗora sandar a kan gwafa. Na naɗe jikinta da tsumma, na ɗauki takarda mai kaushi, na sa ƙafa a kan matakin. Na ce in yi masa matsakaici, yadda zai shiga hannun kowane namiji, wa zai sani? Amma sana'a ta riga ta lalata mini ido, ba na iya fara aiki ban juya abu na duba ba. Da na juya mariƙin a haske sai na ga abin da ban gane ba. Gabansa ya sha riƙo har ya yi ƙyalli, da ramukan farce guda biyu masu zurfi, kamar mai shi da ƙarfin tsiya yake maƙale shi. Bayansa kuwa, inda ƙananan yatsu suke kwanciya, sabo fil kamar yau aka fito da shi daga kanti. Na riƙe ta hanya biyar, babu wadda ta ba da wannan sawun. Na san dai abu ɗaya, hannun da ya yi wannan ba matsakaici ba ne, kuma in na goge da ka, zan yi wa mai jan fenti abin da na yi wa likita. Na sauke ƙafata. Rakiya ta leƙo ta ga na mai da sandar jaka, ta koma ta fara ɗaure kayanmu a zane.

Rana ta uku bayan azahar jif ta dawo, wannan karon da Kumandan ɗin a ciki. Ba ƙato ba ne, siririn mutum ne mai furfura a gefen kai, da baƙin tabarau, hannunsa na dama a cikin aljihun wando. Duk jeren ya yi tsit, har masu kifi suka daina korar ƙuda.

Ya ce, "Kai ne wanda ba ka jin aike?"

Na ce, "Ina ji, mon kumandan. Aikin ne ba ya ji."

"An ce ka rage kauri. Mi ne ne wahala ciki?"

"Ba wahala. Amma abin da na goge ba shi komowa. In na yi maka da ka ta lalace, rumhwata ta tahi kuma sunana ya bi ta. In na ƙi, rumhwa kaɗai za ta tahi. Na zaɓi in rasa guda."

A tsorace na faɗa, kada ku ɗauka wani jarumi ne ni. Sai na zaro sandar na nuna masa mariƙin, na ce ya duba nan da nan, wannan sawun ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ba zan sa takarda a kan abin da ban gane ba. Ya daɗe yana kallon wurin da na nuna. Sannan ya juya ya ce wa Kapral ya ja mota ya jira shi a gindin gada. Ya sunkuya ya shigo rumfar, ya juya wa ƙofa baya, ya zaro hannun.

Yatsu uku ne. Ƙaramin da na kusa da shi babu su tun daga tushe, na tsakiya kuma a sandare yake, ba ya lanƙwasuwa sai rabi. Tabon ya tsufa. Bai gaya mini abin da ya same shi ba, ni kuma ban tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne, akwai gurabe masu zurfi can ƙasa inda manyan kifaye suka taru, kuma sau biyu sanda tana kuɓuce masa a gaban mutanensa.

Na jawo ƙwarya na ce, "Tsoma."

Ya dubi farar ƙasar, ya dube ni, ya tsoma.

Aikin nan shi ne mafi kyau da na taɓa yi, kuma ba don tsoro ba. Da na bi umarnin da aka aiko na rage ko'ina daidai, da na kashe shi, don siririn mariƙi a hannun da ba shi da ƙananan yatsu zamewa zai yi kamar kifi. Sai na yi wa gaban mariƙin ƙugu siriri inda babban yatsa da manuni za su haɗu su kulle. Na sassaƙa kwari mara zurfi inda sandararren yatsan zai kwanta yadda yake, ba yadda ake so ya zama ba. Bayan mariƙin kuwa ban taɓa kaurinsa ba ko kaɗan, na bar shi tudu ya tokare gefen tafin, ya yi aikin yatsun da babu. Wurin kwarin ba a yin sa da juyawa, da hannu na bi shi, sanda a kan cinyata. Sau bakwai ya tsoma hannu. Yana zaune a kan gwangwanin da nake zama, baƙar ƙura ta rufe masa kaki, bai ce komai ba sai sau ɗaya da ya ce, "Nan ya yi mini tsini," na ce na gani.

Da na gama da takarda mai laushi, na wanke mariƙin, muka fita bakin gaɓa. Na ɗaura masa darma a zare. Ya riƙe da hannun nan a fili, ya yi jifa. Darmar ta tafi can nesa ta faɗa kan rairayi inda da ruwa ne, ƙura ta ɗan tashi. Ya naɗe ya sake, ya sake. Sai na kama bakin zaren na naɗe a itace, na ce ya riƙe, na fizga da duk ƙarfina kamar giwan ruwa. Sandar ta lanƙwasa har ta kusa taɓa ƙasa, amma ba ta motsa a hannunsa ba.

Bai ce na gode ba, irinsu ba sa faɗa. Ya koma rumfar ya mai da sandar jaka. Ina tsammanin zai nemi ruwan wanke hannu, har na ɗauko buta. Sai na ga ya sake tsoma hannun a ƙwarya har wuyan hannu, ya fito, ya danna tafinsa a tsakiyar jan gicciyen da ke ƙofata. Ya riƙe shi a nan kaɗan, ya ɗauke, sannan ya karɓi butar. Ya tafi gindin gada da ƙafa.

Kwana huɗu bayan haka aka zo rusau. Kapral Hamani yana cikinsu, shi ya gaya mini daga baya cewa duk bariki an san da hannun nan, amma shekara biyar yana tuƙa Kumandan bai taɓa ganin hannun ba, kuma babu sojan da ya isa ya ambace shi. Suka rushe tun daga gada. Da suka iso ƙofata sajan ɗinsu ya tsaya, ya ƙirga yatsun da ido, ya ce wa mutanensa su wuce gaba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya yi tambaya. Sumana kuwa an rushe tasa, na taya shi ɗora tukunyar shayinsa a kamyo, kuma ban sake ganinsa ba. Wannan yana ci mini rai har yau, don shi bai yi wa kowa taurin kai ba, sana'arsa ce kawai ba ta da ƙwarya.

Rakiya ta kwance ƙullin kayanmu da yamma. Ta ce in sa leda in rufe tambarin kada ruwan sama ya wanke shi. Muka ɗaga kai tare muka dubi sama, sai muka fashe da dariya, dariyar farko a gidan cikin wata uku. Shekarar ba a yi ruwan da zai wanke farar ƙasa daga jikin kwano ba.

Da damina ta dawo na cire fallen kwanon na shigo da shi ciki. Ga shi can a saman injin, kamar yadda Baba Tahiru ya taɓa rataye mini mariƙin likita. Farin ya dushe amma ana gani. Duk wanda ya ce mini gugar soso ce kawai, ko ya aiko direbansa da sanda ya ce yana sauri, ba na jayayya da shi. Kwanon nake nuna masa, in ce ya ƙirga yatsun, sannan ya gaya mini hannun wa zan auna a madadin wannan.